Tarihin Binciken Kwarin Termit: Yadda Aka Gano Miƙewar Ɓawon Ƙasa a Gabashin Nijar

0. Gabatarwa

Man da ake tacewa a matatar Damagaram tun shekarar 2011, daga wani kwari yake fitowa wanda ba wanda ya taɓa ganinsa da ido. Kwarin Termit, a gabashin Nijar, tsawonsa ya kai kimanin kilomita 600, faɗinsa kuma kimanin 150, amma a binne yake ƙarƙashin rairayi. Shimfiɗun laka da yashi da suka cika shi, kaurinsu ya haura kilomita 10 a tsakiyarsa. Duk da haka masana ilimin duwatsu suna ba da labarinsa dalla-dalla: sun ce ɓawon ƙasa ya miƙe a wurin har ya kakkarye, sau biyu, kuma tsakanin miƙewar farko da ta biyu teku ta shigo ta zauna. Tambayar wannan ɗan aiki ita ce: ta yaya aka san haka, su wa suka gano, kuma yaushe?

Abin da za mu bi a nan shi ne tarihin binciken kansa, daga farkon ƙarni na 20 zuwa yau. Ra'ayin da muke son kafawa shi ne, labarin Termit ginannen labari ne, irin siffar da masu nazarin harshe suka saba sanya ma tauraro (*) a gabanta, wato siffar da ba a ji ta a bakin kowa ba, amma shaidu suka tilasta ta. Ƙarfin irin wannan gini yana ga haɗuwar shaidun da ba su haɗa baki ba. A Termit shaidun uku ne, sun zo bi da bi, kowace da kayan aikinta da iyakar abin da take iya faɗi.

1. Kalmomin aiki

Tun da yake akasarin abin da aka rubuta kan batun da Faransanci ne ko Ingilishi, ya wajaba mu fara daidaita kalmomi. Ɓawon ƙasa muke kiran rufin dutse mai tauri da ke lulluɓe da duniya, wanda kaurinsa a ƙarƙashin nahiya kan kai kilomita 30 zuwa 40. Shimfiɗa ita ce kowane hawa na laka ko yashi da ruwa ya ajiye, ya daskare ya zama dutse; ƙa'ida ita ce, ta ƙasa ta girmi ta bisa.

Hausa ta bambanta tsaga da karaya, kuma bambancin ya yi mana amfani. Bango kan tsage ba tare da ɓangarorinsa sun motsa ba, amma ƙashi in ya karye, gefen nan kan goce daga wancan. Saboda haka karaya muka zaɓa ma abin da Faransanci ke kira "faille", wato tsagar da duwatsun gefenta biyu suka goce ma juna. Iri uku ce: karayar zamewa, inda gefe ɗaya ya zame ƙasa saboda an ja ɓawon; karayar hawa, inda gefe ɗaya ya hau ɗan'uwansa saboda an matse shi; da karayar gogayya, inda gefen biyu suka wuce juna a kwance. E. M. Anderson ya nuna tun 1905 cewa kowane iri yana da nasaba da inda ƙarfin ya fito, kuma karayar zamewa kan karkata da kimanin digiri 60.

Wurin da ɓawo ya miƙe, ya sirance, tsakiyarsa ta lotsa tsakanin layukan karayar zamewa, shi muke kira kwarin miƙewa. Wanda aka fi sani shi ne na gabashin Afirka, wanda J. W. Gregory ya bayyana a littafinsa na 1896. Wancan a buɗe yake, yana ci gaba da motsi. Na Termit kuwa ya daɗe da cika, rairayi ya rufe shi.

2. Shaida ta farko: abin da ke bisa ƙasa (1909 zuwa 1967)

Shaida ta farko ita ce wadda ake tsinta da hannu. A 1909 Bafaranshe René Chudeau ya wallafa bayani kan wasu kwansuna masu murɗiya irin ta dodon koɗi, waɗanda suka zama dutse, da aka samo a Damargu. Amonit ake kiransu, halittun teku ne da suka ƙare shekara miliyon 66 da suka wuce. A 1943 aka raɗa ma wani jinsinsu suna Nigericeras. Samunsu a ƙasar Tanut, fiye da kilomita 1000 daga kowace gaɓar teku ta yau, ya nuna cewa teku ta taɓa ratsa Sahara a zamanin da ake kira Kiretase, kimanin shekara miliyon 95 zuwa 90 da suka wuce. Sai dai amonit ta tabbatar da zuwan ruwan ne kawai, ba ta faɗi dalilin da ya sa ya biyo ta nan ba.

Hugues Faure ya yi shekaru yana auna shimfiɗun gabashin Nijar, daga tsaunin Termit zuwa Agadem da Bilma, sakamakon ya fito a 1966 cikin littattafan hukumar BRGM ta Faransa. A 1967 Greigert da Pougnet suka fitar da bayanin duwatsun Jamhuriyar Nijar baki ɗaya. Wani wuri mai muhimmanci a aikin Faure shi ne kwarin Tefidet, a gefen gabas na Abzin, inda ake ganin shimfiɗun Kiretase sun faɗa tsakanin tsofaffin duwatsu, layukan karayar kuma sun taso daga arewa maso yamma sun nufi kudu maso gabas. Amma kudu da nan rairayi ya rufe kusan kome, kuma mai bincike da guduma ba ya wuce abin da zaizaya ta tone masa.

Tunanin zamanin ma ya taƙaita abin da ake iya gani. Ko da yake Alfred Wegener ya kawo ra'ayin rabuwar nahiyoyi tun 1912, akasarin masana ba su karɓe shi ba sai cikin shekarun 1960. An fi ɗaukar ƙasar tafkin Cadi a matsayin faffaɗar ƙwarya da ta lotsa a hankali a tsakiyar nahiyar da ba ta motsi.

3. Shaida ta biyu: awon nauyi (1965 zuwa shekarun 1980)

Dutse ya fi dutse nauyi. Shimfiɗun laka da yashi ba su kai tsohon dutsen da ke ƙarƙashinsu nauyi ba, shi kuma bai kai na can ƙarƙashin ɓawo ba. Na'urar awon jan ƙasa tana jin wannan ɗan bambanci daga bisa, ba tare da an haƙa kome ba. A 1965 Cratchley da Jones suka wallafa awon da aka yi a kwarin Binuwai na Nijeriya, inda aka ga abin mamaki: jan ƙasa ya ragu a gefunan kwarin, amma ya ƙaru a tsakiyarsa. Kwarin da ke cike da laka marar nauyi, kamata ya yi tsakiyarsa ta fi ko'ina sauƙi. Fassarar da ta samu karɓuwa ita ce, ɓawon ya sirance a ƙarƙashin kwarin, dutse mai nauyi ya taso daga ƙasa ya cike gurbin. A 1970 Pierre Louis, na hukumar ORSTOM, ya fitar da irin wannan awo na ƙasar tafkin Cadi, taswirarsa ta nuna dogayen layuka na bambancin nauyi a ƙarƙashin rairayin gabashin Nijar da kudancin Cadi.

Raunin wannan shaida shi ne, siffofi daban-daban suna iya ba da awo ɗaya: ƙaramin abu mai nauyi kusa da bisa, da babban abu can ƙasa, alamarsu ɗaya ce a na'ura. Mun san irin wannan a nazarin harshe, inda kalmomi biyu masu kama da juna ke iya zama gado, ko aro, ko dacewa kawai. Sai an samu wata hujja daga waje kafin a zaɓa.

Hujjar ta zo daga teku. A 1965 Bullard da abokan aikinsa suka yi amfani da kwamfuta suka haɗa gaɓar Afirka da ta Amurka ta Kudu, suka ga sun dace. A 1971 Kevin Burke, wanda ya koyar a Jami'ar Ibadan, tare da Dessauvagie da Whiteman, suka bayyana Binuwai a matsayin reshe na uku na wata tsaga mai rassa uku: biyu sun buɗe sun zama Tekun Atilantika, na ukun ya shiga cikin nahiya ya tsaya. Daga nan tambaya ta zama: ina reshen ya nufa bayan Gongola da Barno? Cikin shekarun 1980 J. D. Fairhead ya tattara awon nauyi na ƙasashen yankin, ya nuna cewa kwarurukan gabashin Nijar da na Cadi da na Sudan ƴan gida ɗaya ne da Binuwai.

4. Shaida ta uku: amsa-kuwwa da rijiyoyin gwaji (1970 zuwa 1998)

Shaida ta uku tsada gare ta, kamfanonin mai ne kaɗai suka iya biyanta. Cikin shekarun 1970 Texaco da Esso suka yi aiki a gabashin Nijar, daga baya Elf ta shigo, Conoco kuma tana Cadi. An ga alamar mai a rijiyar Madama a 1975, aka same shi a Sokor a farkon shekarun 1980.

Hanyar amsa-kuwwa ga yadda take: ana tayar da girgiza a bisa ƙasa, da nakiya ko da babbar mota mai jijjiga, sautin ya nutsa, kowace iyaka tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa ta mayar da wani abu daga cikinsa, jerin na'urori su rubuta lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo. Abin da ke fitowa hoto ne kamar an yanka ƙasa da wuƙa ana duban gefen yankan. A nan ne aka fara ganin layukan karayar Termit ɗaya bayan ɗaya, da gutsattsarin ɓawon da suka karkata tsakaninsu.

Hoton yana kuma faɗin lokacin da kowace karaya ta motsa. Shimfiɗar da aka ajiye kafin motsin, kaurinta ɗaya ne a gefe biyu, an dai yanke ta an gotar da ita. Wadda aka ajiye lokacin da karayar ke motsi, ta fi kauri a gefen da ke zamewa, tana daɗa kauri in an nufi karayar, kamar ruwan gatari. Wadda aka ajiye bayan karayar ta tsaya, ta ratsa bisanta ba yankewa. Amma amsa-kuwwa ba ta san shekaru ba. Rijiyar gwaji ce ke fito da dutsen kansa, a duba ƙurar furanni da ƙananan kwansunan da ke cikinsa a san zamaninsa. Rijiya tana faɗin shekaru a wuri guda, amsa-kuwwa ta ɗauki wannan labari ta kai shi nesa. Sunayen shimfiɗun Termit ma, irin su Donga, Yogu, Madama da Sokor, daga sunayen rijiyoyin suka samo asali.

Kusan shekara ashirin yawancin waɗannan hotuna suna cikin ma'ajiyar kamfanoni. Sai a 1992 da 1993 G. J. Genik, masanin kamfanin Exxon, ya wallafa taƙaitaccen sakamakonsu, inda ya bayyana tsarin kwarurukan miƙewa na Afirka ta yamma da ta tsakiya, mai tsawon kimanin kilomita 4000 daga Gawo ta Mali zuwa Anza ta Kenya. A 1992 ɗin ne kuma Guiraud da Maurin suka jera matakan miƙewar. A 1998 Zanguina da abokan aikinsa suka fitar da bayani kan albarkatun man Nijar.

5. Lissafin miƙewa

Sanin cewa ɓawo ya miƙe bai wadatar ba, sai an san nawa ya miƙe. Hanyoyi uku ake bi.

Ta farko ita ce a mayar da kowace karaya yadda take kafin ta goce. Misali: karaya mai karkata digiri 60, in gefenta ya zame mita 1000 ƙasa, ta ƙara ma faɗin ƙasar kimanin mita 580. Ana tara irin wannan daga gefen kwari zuwa ɗaya gefen. Sharaɗin shi ne, in an mayar da gutsattsarin wurarensu, su haɗu ba gurbi ba hawan juna; in ba su haɗu ba, to fassarar hoton ce ke da kuskure, sai a sake ta.

Ta biyu daga Dan McKenzie take, na Jami'ar Kambirij, a wata maƙalarsa ta 1978. Ya sanya ma adadin miƙewar alamar β. Misali: in an ja ɓawo mai kaurin kilomita 35 har kowane kilomita 100 ya zama 140, to β ya zama 1,4, kaurin kuma ya koma 25. Saboda haka wanda ya san kaurin ɓawo a ƙarƙashin kwari da kaurinsa a gefe, ya san β. McKenzie ya ƙara da cewa lotsawar kwarin mataki biyu ce: ta farko mai sauri, tare da karaya, ta biyu a hankali, ba karaya, lokacin da dutse mai zafi da ya taso yake hucewa yana ƙanƙancewa, abin da ke ɗaukar gomman miliyoyin shekaru. Sakamakon shi ne ƙunƙuntaccen rami mai zurfi a ƙasa, da faffaɗar shimfiɗa a bisansa wadda ta zarce gefunansa, siffar da ake kwatantawa da kan bijimi da ƙahoninsa.

Ta uku ita ce yaye shimfiɗun rijiya ɗaya bayan ɗaya daga bisa, a lissafi. Laka sabuwa fiye da rabinta ruwa ne, nauyin abin da ya hau kanta ke matse ta. Saboda haka duk shimfiɗar da aka yaye, sai a mayar ma na ƙarƙashinta kaurinsu na da. Da haka ake zana yadda gindin kwarin ya riƙa nutsewa zamani bayan zamani.

Hanyoyin uku ba kullum suke ba da adadi ɗaya ba. A kwaruruka da yawa na duniya, abin da aka tara daga layukan karaya bai kai abin da sirancewar ɓawo ta nuna ba, kuma ɗaya daga cikin dalilan shi ne ƙananan layukan karaya masu ɗimbin yawa da amsa-kuwwa ba ta gani. Wannan saɓani shi ke nuna iyakar amincin kowane adadi.

6. Labarin da aka gina

Kafin mu jera matakan, ya kamata a ga yadda ake sanin na gaba da na baya. Dokar Klingenheben a Hausa misali ce ta kusa. Baƙin ƙarshen gaɓa ya raunana a "talauci", daga *talakci (a kwatanta da "talaka"), a dukan karorin Hausa. Amma "zamna" da "amre" da "sabro" na Tawa da Sakkwato, a gabas ne kawai suka zama "zauna" da "aure" da "sauro". Sauyin da ya game ko'ina ya riga wanda ya tsaya a wani yanki. Ba a san shekarar kowanensu ba, amma an san jerinsu. Haka masanin duwatsu ke yi: karayar da ta tsaya a shimfiɗun ƙasa ta girmi wadda ta ratsa har bisa, kuma abin da aka yanke ya girmi abin da ya yanke shi.

Mataki na farko tsoho ne ƙwarai. Tsakanin kimanin shekara miliyon 750 zuwa 550 da suka wuce, gutsattsarin nahiyoyi suka haɗu, suka bar tabo a ɓawon Afirka. Waɗannan tsofaffin tabbai su ne wuraren rauni da miƙewar baya ta bi.

Mataki na biyu shi ne miƙewar farko, a Kiretase na farko (kimanin shekara miliyon 145 zuwa 100), lokacin da Afirka ke rabuwa da Amurka ta Kudu. Layukan karayar sun kwanta daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas, koguna da tafkuna suka zuba yashi da laka cikin ramukan. Termit da Tenere da Tefidet da Kafra da Bilma duk na wannan zamani ne.

Mataki na uku shi ne lotsawar hucewa, a Kiretase na ƙarshe. Ta zo daidai da lokacin da ruwan teku ya hau ƙwarai a duniya, abin da ya buɗe ma teku hanya ta cikin Sahara. A nan amonit ɗin Damargu ta samu bayaninta, kuma a nan aka ajiye baƙar lakar Donga da Yogu. Wajen shekara miliyon 84 da suka wuce, tafiyar Afirka game da Turai ta sauya, nahiyar ta matsu. Shimfiɗun Binuwai suka nannaɗe sosai a yankin Abakaliki, abin bai yi tsanani haka a Termit ba. Daga baya teku ta janye, yashin Madama ya rufe lakar.

Mataki na huɗu shi ne miƙewa ta biyu, a zamanin Paleyojen (shekara miliyon 66 zuwa 23). Wasu tsofaffin layukan karaya suka sake motsi, sababbi kuma suka fito, sun ɗan fi karkata zuwa arewa da kudu. A lokacin aka ajiye yashi da laka na Sokor ta ɗaya, sa'an nan lakar tafki ta Sokor ta biyu. Bayan haka kwarin ya lafa, shimfiɗun baya da rairayi suka binne shi.

7. Daga 2008 zuwa yau

Amfanin wannan jeri a fili yake. Baƙar lakar Yogu, da zurfi da zafi suka dafa, ita ce babbar uwar man. Yashin Sokor ta ɗaya ne ke riƙe shi. Lakar Sokor ta biyu ce murfi. Layukan karayar miƙewa ta biyu kuma su ne hanyar hawansa, su ne kuma suka karkatar da gutsattsarin da ya taru a cikinsu. In tarkon ya ginu bayan man ya riga ya wuce, rijiya busasshiya za a haƙa. Ke nan sanin lokacin da karaya ta motsa, shi ke raba rijiyar riba da ta hasara.

A 2008 Nijar ta sanya hannu da kamfanin CNPC na ƙasar Sin kan filin Agadem. A watan Nuwamba na 2011 aka buɗe matatar SORAZ, mai iya tace ganga 20.000 a rana, a 2024 kuma aka fara fitar da ɗanyen mai ta bututu mai tsawon kusan kilomita 2000 zuwa Seme, a gaɓar Benin. Sababbin rijiyoyi masu yawa da amsa-kuwwa mai nuna tsawo da faɗi da zurfi a haɗe sun daɗa fayyace matakan da Genik ya zana, ba su rushe su ba. Masanan Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai kuma sun koma ga shaida ta farko: a 2019 Moussa Konaté da abokan aikinsa suka wallafa nazarin layukan karayar Tefidet, inda ake iya taɓa dutsen da hannu a gwada abin da hotunan Termit suka nuna.

8. Kammalawa

Mun ga yadda shaidu uku suka taru a kan Termit cikin fiye da shekara ɗari: amonit ta ce teku ta zo, awon nauyi ya ce ɓawo ya sirance, amsa-kuwwa da rijiyoyi suka nuna layukan karayar da zamaninsu, lissafi kuma ya ɗaure su wuri guda. Abu biyu muke jawo hankali a kansu. Na farko, in za a koyar da wannan tarihi, a koyar da shi tare da hujjojinsa, ɗalibi ya san abin da aka gani, da abin da aka auna, da abin da aka gina; hakan kuwa yana bukatar ɗaliban ƙasa su samu damar duba ainihin hotunan amsa-kuwwa da duwatsun rijiyoyi, domin wanda bai ga shaida ba, ba ya iya tuhumar hukunci. Na biyu, kalmomin da muka gabatar a sashe na 1 shawara ce. Muna fatan abokan aiki masana duwatsu da malaman makarantun gwaji za su jarraba su a aji, su gyara wadda ba ta zauna ba, musamman bambancin tsaga da karaya, wanda dukan bayanin ya dogara a kansa.